Yakuwar Turawa

"Wai ni kam, ciwon nan na matar ne ko na mijin?"

Humaira tana shanya a 'yar farfajiyar baya ta ji maƙwabciyarta Kachollom ta jefa wa mijinta wannan tambaya. Gidajen layinsu a Barking manne suke da juna, shingen katako ne kawai a tsakani, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai riga matarka yi maka sannu. Ta ji Hosea, mijin Kachollom, ya kurɓi shayinsa ya ce ai abin a fili yake, ciwo na matar ne, nishi na mijin. Suka kwashe da dariya. Humaira ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da kokawa da ɗan maƙalin shanya da yatsunta suka kasa matsewa.

Gaskiya Hosea ya faɗa, ciwo nata ne. Tun tsakiyar sanyi take tashi da safe yatsunta a kumbure, a sandare kamar ɗanyen rogo, sai rana ta ɗaga kafin su yarda su lanƙwasa. Ita kuwa da yatsun nan aka san ta a London. Karatunta bai wuce aji uku na sakandare a Gusau ba, Turancinta na gaisuwa ne da sayen burodi, amma in ta zana wa mace lalle sai an tare ta a biki an tambayi hannun waye. Da ƙaramar Sallah mata bakwai ta mayar ba lalle, ta shiga ɗaki ta sha kukanta. Ga kuma wata amarya da ta kama ta tun bara za ta yi mata lalle, biki a farkon watan Yuni. Hannunta take so ya dawo kafin ranar, ba wani abu ba.

Mijinta Zailani a asibiti yake aiki. Gadon marasa lafiya yake turawa daga ɗaki zuwa wurin ɗaukar hoto, daga wurin ɗaukar hoto zuwa ɗaki. Aiki ne na halal, ba wanda ya taɓa raina shi sai shi mai yin sa. Ba ya buɗe baki sai da "mu a asibiti", katin aikinsa kuwa yana rataye a wuya har ranar hutu, har masallaci. Mutane suka laƙaba masa Dokta don tsokana, ya karɓa hannu bibbiyu.

Shi ya raka ta ranar da aka yi mata bayani. Likita ya ce garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar gaɓoɓinta, ya rubuta magani, ya tura su wurin wata mata mai ba da shawara a kan abinci. Matar ta yi minti goma sha biyar tana magana tana kallon Humaira. Zailani ya juyo ya fassara mata duka.

"Ta ce ki daina cin abinci."

Sai da yamma, da Kachollom ta duba takardar da aka ba su, ita da yake nas ce, sannan Humaira ta gane inda aka dosa. Takardar gida biyu ce, ja da kore. A jan gida akwai duk wani hatsi, da wake, da gyaɗa, da ƙwai, da madara, da tumatir, tattasai, attaruhu, barkono, har dankalin Turawa. A koren gida akwai nama, kifi, doya, dankalin Hausa da ganyaye. Za ta bar na jan gida kwana talatin cif, sannan ta riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ta ga ko akwai mai tayar mata da ciwon. Gwaji ne, ba tabbas ba, kuma kada ta kuskura ta bar shan maganinta. Abu ɗaya Kachollom ta nanata mata: in ɗan jan gida ya shiga bakinta, ko ƙanƙani ne, lissafi ya koma ɗaya.

Amma kafin yamman nan aikin gama ya gama. Tun a cikin tube, jirgin ƙasan da ya kwaso su, tsakanin tashar West Ham da Plaistow, Zailani ya karanta takardar ya gano cewa shi ma yana da ciwon, nasa ma ya fi tsanani. Hujjarsa ita ce gwiwarsa ta dama tana ƙara in ya taso daga sujada, ga kuma amosanin ka. Kafin su sauka a Barking ya zama shi ne majinyaci, shi ne likita, Humaira 'yar rakiya.

Suna shiga gida ya naɗe hannun riga ya afka wa kicin. Ya fito da buhun shinkafa, da taliya, da gwangwanayen tumatir, da man gyaɗa, da daddawar da mahaifiyar Humaira ta aiko. Ya ɗora ƙafa a kan buhun kamar maharbin da ya kayar da ɓauna, ya sa ta ɗauke shi hoto har sau shida. Sannan ya buɗe zaure a WhatsApp, ya raɗa masa Zauren Lafiya na Dokta Zailani, ya zuba duk Bahaushen da ke cikin wayarsa ba tare da neman izini ba.

Kowace safiya sai ya tura saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Ya ce ciwon da ke damun sa juyin mulki ne, sojojin jiki ne suka juya bindiga ga farar hula, kuma shinkafa da tumatir su ke ba su albashi. Ya ce wannan lokaci da Turawa ke kira spring, da sanyi ke janyewa itatuwa ke toho, shi ne lokacin da ƙasa ke fito da maganinta, don haka abin da ya tsiro a watan nan kawai za a ci. Yawancin mutane suka kashe ƙarar zauren suka ci gaba da cin tuwonsu. Amma ba a rasa nono a ruga, mutum biyar suka bi shi. Wanda ya fi kowa riƙo shi ne Umar Faruq, wani ɗalibi mai neman digiri na uku a Bloomsbury, mutum mai yarda da duk abin da aka faɗa masa da kakkausar murya.

Girki ma Zailani ya ƙwace. Ya ce abu ne na kimiyya, ba na mata ba. Ranar farko ya shigo da wasu korayen tsinkaye da ake kira asparagus, ya ce kuɓewar Turawa ce. Ya markaɗa, ya kaɗa, ya jira yauƙi, yauƙi bai zo ba. Ya jefa kanwa. Miya ta koma launin ruwan kwata. Ya ɗauki hotonta daga sama, ya ci cokali biyu, ya ce ya ƙoshi, alamar abinci mai gina jiki ke nan.

Rana ta huɗu ya ja Humaira bakin rafi tsinkar wani ganye mai suna nettle. Suka tarar da wata tsohuwar Baturiya tana tsinka da safar hannu mai kauri. Ta dubi hannun Zailani ta ba shi shawara ya sa safa, ganyen yana harbi. Ya yi mata murmushin tausayi, ya gaya mata cikin Turanci cewa shi a cikin ƙaya da ƙarangiya ya girma. Ya danƙo ganyen da hannu biyu.

Humaira ba ta taɓa sanin mijinta ya iya rawa ba sai ran nan.

Kwana biyu hannuwansa suna a kumbure. Ita mai ciwon yatsu ita ke ɓalla masa maɓallin riga, tana cije leɓe, shi yana nishi yana ce mata ba za ta gane irin wannan azaba ba. Ya tura hoton kumburin a zaure, ya rubuta cewa gubar shekara talatin da biyar ce ta fara fita.

Da matan unguwa suka ga hoto, suka ji kuma saƙonnin da yake yi kamar mai barin wasiyya, sai aka fara zuwa dubiya. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ta zo da masa da miyar taushe, waccan da kunun gyaɗa, wata da farfesun kan rago ja wur da attaruhu. Zailani yakan karɓi kwano, ya buɗe, ya girgiza kai, ya yi wa mai kawowa wa'azi a tsaye cewa guba ce ta dafo da hannunta. Sannan ya rufe ya ce zai kai wa bayin Allah da ke kwana a bakin tasha, don kada a yi almubazzaranci. Ya sa a mota ya fita.

Humaira ba ta da baki, amma tana da ido. Ta lura kwanukan suna dawowa tas, kamar an lashe. Ta lura motar tana ƙamshin miyar taushe. Ta ga ɗigon manja a igiyar katin aikinsa. Ta ga kuma mai kwana takwas yana cin ganye ya ƙara wa bel ɗinsa huda ta wajen saki.

Da yake kuma ba a mayar da kwanon mutane wayam, Zailani ya ɗauki nauyin cika su da girkinsa. Ran nan sai ga Kachollom a bakin ƙofa, ta riƙo kwanonta nesa da hanci.

"Dokta, in laifi na yi maka ka gaya min baki da baki. Ba sai ka aiko min da wannan ba."

"Maman Zion, jikinki ne ke tsoron gaskiya."

"Jikina dai ya san kwata in ya gan ta. Na zuba wa dilan da ke tona mana shara, ya shinshina, ya dube ni, ya haura katanga. Yau kwana biyu bai dawo ba. In kana da saura ka ba ni, ta nan kam ta yi amfani."

Zailani ya ce annabi ba ya da daraja a unguwarsu, ya rufe ƙofa.

Rana ta tara ce ta ƙona wa Humaira rai. Ta kai loma baki ta ji miya ta yi daɗi, nan take gabanta ya faɗi, don ta san hannun mijinta. Ta leƙa kicin ta ga kwalbar yajin tsire a buɗe, wanda rabinsa ƙuli-ƙuli ne rabi barkono.

"Yallaɓai, yaji ka sa?"

"Kaɗan, don ya tayar da ganyen."

"Akwai gyaɗa a ciki, da barkono. Anti Kachollom ta ce lissafi zai koma ɗaya."

"Ke Humaira, yaji ai magani ne, da shi ake jego. Kachollom nas ce kawai, umarni take bi. Ki bar wa masu abu abinsu."

Kwana tara na haƙuri suka bi ruwa. Ta lissafa da yatsunta masu ciwo, ta ga in ta sake farawa gobe za ta gama ana saura kwana goma sha biyu biki, in kuwa aka ƙara ɓata mata sau ɗaya, shi ke nan. Daga ran nan ta samu 'yar ƙaramar tukunya. In ya tafi aiki sai ta dafa dankalin Hausa da kifi da alayyahu, ko doya da miyar kuɓewa ba daddawa, ta ci, ta wanke, ta kife. In ya zuba mata nasa sai ta yi ta juya cokali a ciki har ya tashi. Bai taɓa lura ba, don idonsa na kan waya yana duba mutum nawa suka ga hoton farantinsa.

Da kwana talatin ɗinsa suka gabato, ya sanar da walimar kammalawa, ranar Asabar bayan azahar a gidansa. Ya yi alkawarin miyar da ba a taɓa sha ba a ƙasar Ingila. Ranar Juma'a ya ɗauki Humaira ta riƙe masa jaka, suka tafi wurin Alhaji Abdul-Mumuni, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke da 'yar gona a filin da ƙaramar hukuma ke yanka wa mutane su yi shuka.

A gefen gonar akwai wata shuka mai jajayen sanduna, kaurin kowace kamar babban yatsa, da ganye fankama-fankama kamar kunnen giwa. Alhaji ya ce rubab ke nan, yanzu ne lokacinsa, tsami gare shi. Zailani na jin tsami ya tafa hannu ya ce yakuwar Turawa, abin nema ya samu.

"Ɗebi yadda ka so," in ji Alhaji da Hausarsa ta zango. "Amma ka yanke ganye ka zubar can wurin taki. Sanda ne ana ci. Ganye nan ba shi da kyau."

Zailani ya ce to Baba. Dattijo na juya baya ya tafi ɗebo ruwa, sai ya matso kusa da Humaira ya rage murya. Ya ce ta ga wayon tsofaffi, so yake ya ba su kara ya riƙe ganye ya yi miya. A ina aka taɓa cin kara a bar ganye? Rama ganye ake ci, yakuwa ganye, zogale ganye, karan kuwa na akuya ne. Ya tumɓuke rubab ya danna a jaka, ganye a ƙasa, sanduna a sama don kada a gani.

A mota Humaira ta tattaro ƙarfin halinta. Ta ce ta sha ganin wannan abu a kanti, kullum sandunan kawai ake ɗaurewa a sayar, ba ta taɓa ganin an bar ganye ko ɗaya ba.

"Turawa za ki kafa min hujja da su?" in ji shi. "Mutanen da ke zubar da kan saniya da ganda da kayan ciki? Duk abin da Bature ya zubar, nan daɗin yake."

Ranar Asabar tun da hantsi ya ɗora babbar tukunya. Ya zage ganyen ya yayyanka, ya zuba nama da albasa da manja, sandunan kuwa ya watsa su a kwandon shara. Yana juyawa yana ɗanɗanawa, yana cewa yakuwa sak, har ta fi ta gida. Kafin azahar ya sha kwano guda a tsaye.

Hankalin Humaira ya ƙi kwanciya. Ba ta da tabbas, amma ta ga fuskar Alhaji lokacin da ya ce a zubar, ba fuskar mai rowa ba ce. Kachollom tana wurin aiki sai ƙarfe uku. Ga baƙi sun fara cika gida, maza a falo, mata a kicin da farfajiya, sun kai mutum ashirin, rabinsu kallo ya kawo su. Ita ba mai iya tsayawa gaban maza ta ƙaryata mijinta ba ce. Sai ta yi abin da take iyawa. Ta kwashe ludayi da cokula duka ta zuba a cikin injin wanki ta rufe. Ta tsamo jajayen sandunan daga shara, ta ɗauraye, ta jera su a bakin ƙofa a kan takalman baƙi, inda duk mai shigowa sai ya yi tuntuɓe da su.

Zailani ya miƙe a tsakiyar falo da farar shadda, kati a wuya, kwanon miya a hannu. Ya ce kafin a zuba wa kowa zai yi ɗan taƙaitaccen bayani. Ya faro daga haihuwarsa. Ya bi ta kan juyin mulki, ya yi Allah wadai da shinkafa, ya kira tumatir munafuki. Ya ce kwana talatin ke nan ko ƙwayar hatsi ba ta ratsa maƙogwaronsa ba, Allah shaida ne. Ya durƙusa ya miƙe don a ji gwiwarsa ta daina ƙara, gwiwa ta ce ƙas, ya ce ta hagu ce wannan. Duk bayan 'yan jimloli sai ya ɗaga kwano ya kurɓa ya lumshe ido. Ya shanye, ya sa aka ƙaro masa da kofi tunda an rasa ludayi. Umar Faruq yana gaba, wuya kamar mariƙin lema, yana rubuta abin da ake faɗa.

Minti hamsin ya yi yana zuba. Mutane suna hamma suna kallon ƙofar kicin, ba su san surutun nan ne ke tsare musu rai ba.

Sai ga sallamar Alhaji Abdul-Mumuni. Ya shigo da sandunan a hannu.

"Wa ya zubar da abinci a kan takalma? Wannan ne ana ci. Ina ganye?"

Zailani ya yi dariya ya nuna kwanonsa, ya ce Baba ya yi haƙuri, an gano sirrin da yake ɓoyewa.

Dattijo ya leƙa kwanon, ya yi salati a hankali. "Kai yaro, ganye nan guba ne. Ko akuya ba ya ci. Matanka ya ci?"

Humaira ta girgiza kai daga bayan ƙofa.

"To wa ya ci?"

Idanun kowa suka sauka a kan kwanon da ke hannun Zailani, wanda ya side shi har da yatsa.

Bai ba da kai nan take ba. Ya ce farfagandar masu kanti ce don a riƙa sayen kara. Ya ce zufar da ke karyo masa alamar miyar na aiki ce. Ya ce ɗan zafin da yake ji a maƙogwaro sojoji ne ke komawa bariki. Yana cikin wannan cikinsa ya yi wata ƙugi da har matan da ke farfajiya suka ji. Ya ajiye kwano da natsuwa, ya ce a ba shi minti ɗaya, ya hau bene da gudu yana tattare shadda. Gidajen Barking ba su da sirri. Hosea, da ke cikin baƙi, ya miƙa hannu ya kunna talabijin ya ƙara sauti don a rufa wa maigida asiri.

Ko da ya sauko yana bin bango, Kachollom ta iso da kayan aiki a jikinta. Ta ji bayani a taƙaice, ta zaunar da shi, ta kira layin taimakon lafiya, ta buɗe muryar wayar ta ajiye don hannunta na kan jijiyar wuyan hannunsa. Matar da ta ɗauka ta tambayi shekarunsa, da yawan abin da ya sha, da lokacin. Sannan ta ce ya lissafa mata duk abin da ya ci tun jiya da safe.

"Only vegetables, madam," in ji Zailani da 'yar siririyar murya.

Matar ta ce yana da muhimmanci ya faɗi komai, don a san abin da ke cikinsa.

"Dokta," in ji Kachollom, "kai ma ka sani, mu a asibiti ba a ɓoye mana ciki. In ba ka faɗa a nan ba, can za a gani. Ranka ne."

Zailani ya dubi silin, ya dubi ƙofa, ciki ya sake murɗawa. Ya fara. Jiya da safe burodi da ƙwai uku da shayi mai madara, a kantin asibiti. Da rana kaza da soyayyen dankali. Da la'asar masa shida.

"Bakwai na zuba," wata mata ta faɗa daga kicin. "Masar bayin Allah na bakin tasha ke nan?"

Bakwai, in ji Zailani. Da kunun gyaɗa, kofi biyu. Bayan sun dawo daga gona kuma ya ɗan leƙa Old Kent Road ya ci tsire. Yau da asuba kuma sauran shinkafa da wake da ke cikin mota, da mai da yaji.

Matar waya ta tambaya, cikin ladabi, ko ba shi ne aka ce yana kan tsarin ƙaurace wa abinci ba. Hosea ya ce shi ne shugaban tsarin ma.

Umar Faruq ya rufe littafinsa ya miƙe, wandonsa na neman zamewa.

"Malam Zailani, kwana talatin ban ga shinkafa ba. Ko a mafarki na gan ta sai na yi istigfari. Na suma a laburare ranar Talata, ka ce min guba ce ke fita."

"Ni jagora ne," in ji Zailani yana riƙe da ciki. "Dole in riƙa gwada guba don in san ƙarfinta."

"To ga shi ka samu ta gaske," in ji Alhaji.

Aka ce a kai shi asibiti yanzu, a tafi da ganyen a nuna. Ya roƙi Hosea ya kai shi ko'ina ban da inda yake aiki. Hosea ya ce wanda ya fi kusa aka ce. Aka fito da shi ranga-ranga, maƙwabta na leƙe ta taga, Kachollom na biye da ganye guda da ya rage ta riƙe shi sama kamar laima. Baƙi suka watse da yunwa, suna dariya har bakin tasha. An ƙara masa ruwa, an duba jininsa, washegari aka sallamo shi da gargaɗi.

Kwana uku bai fita ba. A na huɗu ya rufe zauren, bayan ya tura saƙo na ƙarshe cewa binciken da ya gudanar ya tabbatar wannan tsarin abinci damfara ce ta Turawa, shi ma ya shiga ne don ya tona musu asiri. Ya dawo da shinkafa da tumatir kicin, ya mayar wa Humaira girki, ya kafa doka kada a ƙara ambatar ganye a gidansa. Ta ce to. Ta riƙa dafa masa shinkafa da jar miya, 'yar tukunyarta na gefe. Saura kwana biyar nata lissafin ya cika, ta cika su ba wanda ya sani.

Safiyar da ta biyo baya ta farka ta dunƙule hannu, ya dunƙulu. Ta buɗe, ta sake dunƙulewa. Akwai sauran tsami a babban yatsa, amma kumburin ya saɓe. Ta kwaɓa lalle kaɗan, ta zauna a bakin gado ta zana fure a tafin ƙafarta, da reshe, da 'yan ɗige-ɗige, ba ta huta ko sau ɗaya ba. Ko maganin likita ne ya fara kama ta, ko ɗumin watan Mayu ne, ko abincin, ba ta sani ba. Amarya dai za ta samu lallenta.

Ta so ta ruga ta nuna wa Kachollom. Sai ta tuna Kachollom ba ta ɓoye wa Hosea komai, Hosea kuma ba zai iya haɗiye wannan ba sai ya tsokani Zailani da shi. Zailani kuwa yana ji zai ce ai shi ya warkar da ita. Zai sake buɗe zaure, ya ɗaga hannuwanta gaban kyamara, ya ƙwace kicin, daidai lokacin da take buƙatar a bar ta ta gwada abinci ɗaya bayan ɗaya.

Da lallen ya kama ta wanke, ta sa safa ta sauko. Ta dafa ƙwai guda, shi ne ɗan jan gida na farko da za ta gwada. Zailani ya ɗago daga kan farantinsa ya gani.

"A'a, kin dawo hanya ke nan. Ya hannun?"

"Da sauƙi dai, Yallaɓai."

"Na gaya miki damfara ce. Da kin saurare ni tun farko da ba ki wahalar da kanki ba."

"Haka ne."

A nan ta yanke wa ranta ba wanda za ta gaya wa hannunta ya dawo: ba shi, ba Kachollom, ba ko mahaifiyarta a Gusau. Ta juya masa baya, ta ɓare ƙwan a hankali, tana yi kamar da ƙyar.